Uwar Wampi ta Stains

Na shiga aikin wampi a shekarar da zafi ya kashe tsofaffi a Paris, wato 2003. Ba na manta ta, domin aikin da aka fara ba ni shi ne in hau saman rumfar gilashi da bokitin farar ƙasa da buroshi mai doguwar ƙota, in shafe gilashin duka don rana ta rage shiga. Ni da na taso a ƙauyen Tibiri ina ganin babu abin da rana za ta koya mini, ranar nan sai da fatar wuyana ta saɓule.

Ku 'ya'yan ƙanwata ne kuka sa na zauna rubuta wannan. Ranar Sallah, a gidanku na Minguettes, ina jin ku kuna cewa, "Kawu ai ya huta, aikinsa ban-ruwa ne kawai, ya riƙe tiyo yana jin rediyo." Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Da girmana na koyi riƙon alƙalami, hannuna ba ya sauri, amma zan ba ku labarin bishiya guda, da yadda muka yi ƙoƙarin fitar da ita daga Stains, unguwar gefen Paris, da ranta.

Wampi dangin lemu ne, amma in ka gan shi ba za ka ce haka ba. 'Ya'yansa suna fitowa curi-curi kamar na faru, kowane ɗa ya kai girman tsada, fatarsa ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan gashi. In ka matsa shi a baki naman ya zamo waje, a ciki akwai ƙwallo kore shar, ɗaya ko biyu, wani lokaci uku. Ganyensa in ka murza yana ƙamshi. Mutanen kudancin Sin da na Biyetnam ne suka san shi. Bafaranshe bai san shi ba, mu ma haka.

Maigidana tsoho ne ɗan Biyetnam, sunansa Lam. Yana da rumfar gilashi biyu, irin waɗanda ake ce wa ser, a wani fili da ya rage cikin tsofaffin lambunan Stains, benaye sun kewaye shi. A ɗaya yana noman ganyen miya na mutanensu. A tsakiyar ɗayar kuwa akwai bishiyar da muke kira Uwa. Ita kaɗai ce ba ta cikin tukunya. Ƙanwarsa ce ta kawo masa ita daga gidan mahaifinsu tana 'yar tsiro, naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul, ya dasa ta a ƙasa tun kafin a haife ku. Lokacin da na zo kanta ya riga ya taɓa gilashi, duk shekara sai an rage. Wampi da yawa tsami gare shi. Na Uwa zaƙi ne, kuma saboda ita ake zuwa wurinmu.

Ban-ruwan da kuke rainawa, shekara guda na yi kafin ya bar ni in yi shi ni kaɗai. Ruwan pampo na Paris akwai farar ƙasa a ciki, wadda kuke gani tana kama gindin butar shayi. In ka yi ta ba wampi shi, cikin wata uku ganye ya koma rawaya, jijiyoyin kawai ke saura kore. Saboda haka ruwan sama muke tarawa a tano shida, wato manyan ganguna, a bakin indararo. A lokacin sanyi ba a ɗebo shi a zuba nan take, sai ya kwana cikin ser ya saki sanyinsa. Tiyo kuwa na wanke daɓe ne. Da arozwar, butar ban-ruwa, ake bi, tukunya-tukunya, kuma kafin ka zuba sai ka ɗaga tukunyar ka ji nauyinta. Tsoho Lam yakan tsaya bayana. In na zuba wa wadda ba ta buƙata, sai ya ƙwanƙwasa ta da ɗan karan gora ya ce, "Isufu, ita ta gaya maka tana jin ƙishirwa?" Faransancinsa karyayye ne, nawa ya fi nasa karyewa, amma mun fahimci juna. Tunda ba na karatu a lokacin, alamun da yake rubutawa ba su amfane ni ba, sai na riƙa ɗaura wa tukwane zare, ja na mai zaƙi, baƙi na mai tsami.

Akwai wani ƙwaro mai manne wa bayan ganye kamar kaska, ana ce masa koshini. Maigida ba ya fesa magani, don mutanensu suna dafa ganyen su sha saboda tari, wasu su wanke kai da shi. Da tsohon buroshin haƙori da ruwan baƙin sabulu ake bin ƙwaron, ganye-ganye. Uwa kaɗai takan cinye mini kwana huɗu, kuma a kan tsani.

Aikin da hannuna ya fi iyawa shi ne markot, wato ka sa reshe ya yi saiwa yana jikin uwarsa. Za ka zaɓi reshe mai kaurin babban yatsa, wanda rana ke samu. Ka yanka ɓawo ka zagaye, ka cire faɗin yatsa biyu, ka kankare santsin da ke ƙarƙashi, domin in ka bar shi ɓawon zai sake haɗewa, ka yi aikin banza. Sai ka dunƙula jiƙaƙƙiyar gansakuka a wurin, ka naɗe da leda, ka ɗaure sama da ƙasa. In a watan Mayu ne ko Yuni, bayan wata biyu ko uku za ka hango farar saiwa ta cikin ledar, sai ka yanke ka dasa. Reshen Uwa ne, zaƙinsa na Uwa. Amma kowane markot reshe guda yake cinyewa tare da 'ya'yan da zai yi, shi ya sa maigida ba ya yarda a wuce huɗu ko biyar a shekara.

Watan Yuli shi ne kakarmu. Tsofaffin mata sukan taso tun daga kudancin Paris, su shiga metro su sauya bas, su zo da kwandunansu. Ba sa saye sai sun ɗanɗana, su tsaya a gindin Uwa suna tsotsa suna gardama da maigida da yarensu. Akwai wata da ke zuwa kowace shekara, ba ta sayen komai, ganye guda take tsinka ta murza ta shinshina, ta zauna kan akwati kamar rabin awa, ta tashi ta tafi. Maigida ya ce kada in taɓa hana ta. Abin da ya rage kuwa Saini ne ke kai wa shaguna da gidajen abinci. Saini Bazabarme ne mai kamyonet, ƙaramar motar kaya, kun san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da su. Ba ya shigowa bai taɓa ni ba.

"Bagobiri, ka baro gero a gida, ka zo kana renon tsadar Sinawa. Su sun san bawa suka samu?"

"Kai fa? Ka baro kwale-kwalen kakanka, ka zo kana dakon ganyen miya."

"Ni da lasisina. Kai buroshin haƙori aka ba ka, shi ma tsoho."

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Ƙwallon wampi mai zaƙi in ka shuka shi, ba lallai ne ɗan ya gaji uwar ba, sau da yawa tsami yake yi. Don haka ana shuka ƙwallo ne a samu gindi, in ya kai kaurin kiriyo, wato fensir, sai a yanko ɗan reshen Uwa a aura masa, kamar yadda ake auren mangwaro a gida. Aure na roƙi maigida har ya koya mini, na ɓata gindi ashirin kafin ɗaya ya kama. Shukar ƙwallo kuwa shi kaɗai yake yi, a wani ɗan ɗaki da ke bayan ser, ni dai sai in ga ya fito da faranti cike da tsiro. Shekara takwas ban taɓa tambayarsa yadda yake yi ba. Me zan tambaya? Na tambaye shi kan ruwa, kan wuƙa, kan ƙwaro, kan duk abin da na gani baƙo. Iri kuwa tun ina yaro nake ganin mahaifina yana zaɓen zangarniya, yana shanyawa, yana ajiyewa.

A watan Yuni na 2011 takarda ta zo cewa an sayar da filin, za a gina benaye, mu tashi kafin ƙarshen Maris. Takardar ta same mu mun riga mun sayar da ƙananan tukwane duka, kamar kowace shekara. Maigida yana da 'ya, Liliane, tana aure a bayan Vénissieux, kusa da Lyon, mijinta yana da rumfunan leda yana noman ganyen miya. Suka ce za su kafa mana rumfa guda. Matsalar ita ce Uwa, domin saiwarta ta shige ƙarƙashin harsashin gini. Maigida ya zaunar da ni ya ce ga dabara: za mu tara ƙwallon 'ya'yan bana duka, a shuka, kafin Maris sun yi gindi, sai mu yanki 'yan rassan Uwa mu aura wa ɗaruruwa. In an sare ta ma, ta riga ta ƙaura. Markot kuwa ya ce a bari, tunda iri zai wadatar da mu.

Ana tsakiyar tsinka, a watan Yuli, ya faɗo daga kan tsani, ƙugu ya karye. Na je asibiti duba shi kwana biyu bayan an yi masa aiki. Yana magana a hankali, magani bai sake shi ba. Ya ce, "Ƙwallon, Isufu. Wannan shi ne na ƙarshe. Ka san yadda ake yi da iri?"

Na ce, "Maigida, ni ɗan manomi ne, jikan manomi."

Ya ce, "To, madalla." Ya rufe ido.

Na yi aikin da zuciya ɗaya. Na ajiye roba a gindin Uwa, na roƙi matan su tofa ƙwallon a ciki. Kashi na ƙarshe na 'ya'yan ban bari an kai shago ba, na matse su da hannuna. Na wanke ƙwallon tas har santsin ya fita, na baza su kan tabarma a daɓen bayan ser, inda rana ke yini, ina juyawa safe da yamma. Rumfar Lyon ba za ta kammala ba sai Satumba, sai na ga ai gara in adana irin da kyau in kai shi can in shuka, da in ɗauki faranti talatin a mota. Abin da ya rage toka ce, don ƙwari, kuma toka ba ta samuwa a Stains. Saini ne ya je Porte de la Chapelle, wurin masu gasa masara a kan keken kanti, ya cika mini leda.

Da ya kawo ya tsuguna ya ɗebi ƙwallon ya karkaɗa a tafinsa, suna ƙara kamar wake. Ya ce, "Kai, ashe Bagobiri ya iya wani abu. Wannan ko shekara biyu ya yi babu abin da zai same shi."

Na ce, "Yau ka faɗi gaskiya, Allah ya sa ba ciwo ba ne."

Kwana huɗu suka yi a rana. Na ƙidaya su, ɗari shida da arba'in, na cuɗa da toka, na ƙulle a tsumma, na sa cikin gwangwani na rufe. Sau biyu maigida ya kira ni daga gidan jinya yana tambaya, "Ƙwallon fa?" Ina cewa, "Lafiya lau, ko ɗaya bai ɓace ba." Shi yana ganin tsiro a zuciyarsa, ni ina ganin gwangwani.

Tsakiyar Satumba Saini ya kai ni Lyon, na shuka ɗari shida, na bar arba'in a tsumma, don a gida ba a shuka iri duka, ana rage na ko-ta-kwana. Mijin Liliane yana tsaye yana kallo, bai ga wani abin mamaki ba, domin shi ma duk abin da yake shukawa busasshen iri ne na cikin takarda. Na koma Stains. Sati biyu Liliane ta ce babu komai. Sati uku babu. Na ce mata sanyin ƙasa ne, a ƙara haƙuri.

A sati na biyar aka sallami maigida, aka kai shi gidan 'yarsa, ya ce in zo. Na same shi cikin rumfar, yana dafe da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake koyon tafiya da shi. Ya tura yatsa cikin ƙasa ya zaro ƙwallo guda, ya matsa, ya narke masa a hannu. Ya ce yaushe na shuka. Na gaya masa. Ya ce to daga Yuli zuwa Satumba ina suke? Sai na kwance tsumman na miƙa masa sauran arba'in ɗin.

"Mene ne wannan?"

"Toka ce. Don ƙwari."

"Ka shanya su?"

"Kwana huɗu."

Ya nemi wurin zama, Liliane ta kifa masa bokiti. Ya daɗe yana juya ƙwallo ɗaya a tafinsa, ya yamutse, koren ya tafi. Sannan ya ce, "Isufu, ƙwallon wampi daga baki sai ƙasa. Ranar da aka ci ɗan, ranar ake shuka shi. In zai kwana, a jiƙe zai kwana. Wannan ba hatsi ba ne da zai yi barci ya farka. In ya bushe ya mutu. Gawa ka ɗauko daga Stains."

Na ce, "Ban sani ba."

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

Ya share hannunsa a wando. Ya ce, "Ni ma shekara takwas ban taɓa buɗe maka ƙofar ɗakin nan ba." Daga nan bai ƙara komawa kan maganar ba, sai ya tambayi Liliane yau nawa ga wata.

A hanyar dawowa Saini ne ke tuƙi, har muka yi nisa. Can ya ce, "Tokar ni na ɗauko ta. In za a yi shari'a, a raba mana." Ni kuwa abin da nake tunawa daban ne. A watan Agusta na ga 'yan tsiro a gindin Uwa, na ƙwallon da matan suka tofar ƙasa ba cikin roba ba, na cire su tare da ciyawa kamar yadda na saba. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma mutum ba ya tambayar hanyar da yake ganin ta gidansu ce.

Ƙarshen Oktoba ne, lokacin 'ya'ya ya wuce, babu inda za a samu ɗanyen ƙwallo. Na bi gida uku cikin waɗanda muka taɓa sayar wa mai zaƙi. Biyu bishiyar ta mutu a baranda tun tuni, na uku sun tashi. Sai muka koma ga markot, a lokacin da ba nasa ba. Na ɗaura goma sha takwas a rassan da suka fi samun haske, wato na gefe, kusa da gilashi. Na kuma yanki 'yan rassa sittin na kafa cikin yashi, ko da yake maigida ya ce wampi ba ya son kamawa ta haka. Na ƙara wutar shofaj, injin ɗumama ser, na zauna jira. Kullum ina duba leda da fitilar waya. A ƙarshen Janairu bakwai sun nuna saiwa, siririya kamar zare. Maigida ya ce a bar su har Maris su ƙara ƙarfi.

Farkon Fabrairu sanyin nan ya sauko, wanda ya yi kusan sati biyu bai ɗaga ba. Injin shofaj ɗinmu tsoho ne, yana aiki amma bai iya da shi ba. Da safe na tarar ƙanƙara ta kama gilashi ta ciki, ruwan tano ya zama dutse. Na jera kwali a jikin gilashin, na rataya barguna, har nawa na kwanciya. Saini ya aro murhun kananzir biyu. Tsakiyar ser ya ɗan yi ɗumi, gefe kuwa bai ji ba. Rana ta huɗu na taɓa dunƙulen gansakuka na ji shi kamar ƙwallon goruba. Da sanyin ya wuce, ganyen rassan gefe ya yi baƙi ya zube. Biyar kawai suka rage da kore, waɗanda suka ɗan shiga ciki.

A Maris na yanke biyar ɗin na dasa a tukwane. Sai maigida ya ce tunda sare Uwa za a yi, a gwada tone ta. Kwana uku muka yi ni da Saini da diga da shebur. Na datse kanta har ta dawo tsayin mutum. Manyan saiwoyi uku da suka shige ƙarƙashin siminti da zarto na yanke su, maigida yana waya yana cewa in bar musu tsawo gwargwadon iko. Muka naɗe gindin da jiƙaƙƙun buhuna, mutum biyar muka ɗaga ta. Saini ya yi tuƙin da ban taɓa ganin ya yi ba, a hankali kamar ya ɗauko mai naƙuda.

A Lyon ta fitar da ganye a watan Mayu, ƙanana, muka ce ta kama. Ashe sauran ruwan jikinta ne. A Yuni ganyen ya yanƙwane. Kowace safiya maigida yakan zo da ƙarfensa, ya kankare ɓawon da farce, kullum yana sauka ƙasa yana neman kore. Ranar da ya kai gindi bai samu ba, ya ce in kawo zarto.

Cikin markot biyar ɗin, biyu suka rayu. Sai a shekara ta huɗu suka fara 'ya'ya, curi uku, kuma zaƙin na Uwa ne. Maigida ya ɗanɗana kafin ya rasu. Mijin Liliane ya riƙe ni a aikin ganyen miya, wampi kuwa ya koma kusurwa guda ta rumfa guda, kuma matan Paris ba su biyo mu ba.

Ga abin da ya tafi a wannan shekara, ni na ƙidaya da kaina. Ƙwallo ɗari shida da arba'in. Rassa sittin na cikin yashi. Markot goma sha shida. Da Uwa, mai shekara ashirin da bakwai a ƙasa.